Me Ya Sa Kalmar "Run" Take da Ma'anoni Barkatai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. Tun muna firamare aka koya mana cewa *run* gudu ne. To amma a jarida na ga an ce wata mata *runs a school*, wani kuma *is running for governor*, sannan likita ya duba ƙanena ya ce *he is running a temperature* alhali yaron yana kwance ko motsi ba ya yi. Na buɗe ƙamus, na tarar ma'anonin sun cika shafi har sun tsallaka na gaba. Shin haddace su zan yi duka? Kuma me ya sa kalma ɗaya za ta ɗauki kaya haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba haddace su ake yi ba. Baturen da aka haifa a Landan ma bai taɓa zama ya haddace su ba, kuma da za a ce ya lissafo su da ka, ba zai yi nisa ba zai tsaya. Amma duk inda kalmar ta faɗo a zance, ba ya ɓata. Irin wannan sanin nake so ki samu, kuma hanyarsa dabam take da ta hadda.

Kin kuwa taɓo babba. Akwai babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928. A bugunsa na biyu na 1989, mai juzu'i 20, kalmar da ta fi kowace tsawon bayani ita ce *set*, da ma'ana 430 a matsayin aikatau, bayanin kuma ya ci kalmomi wajen 60,000. Da aka shiga sabunta ƙamusun sai *make* ta sha gabanta, daga baya *put* ta karɓa, a 2011 kuma *run* ta wuce su duka da ma'ana 645, nan ma a aikatau kaɗai, ban da inda take zuwa a matsayin suna. Editan da aka ɗora wa aikin, Peter Gilliver, wata tara ya yi a kanta. Daga harafin M aka fara sabuntawar, saboda haka a lokacin ba a kai ga sake duba *set* ba, amma dai kin ga girman abin.

Kada lambar ta firgita ki. Wancan ƙamus na tarihi ne, ba ya zubar da ma'ana ko da ta mutu shekaru ɗari biyar da suka wuce. A cikin 645 ɗin nan akwai maganar matuƙa jirgin ruwa, da ta mafarauta, da ta masaƙa, da wadda babu mai rai da yake faɗinta yau. Ƙamusun masu koyo da ke hannunki 'yan gomomi ya kawo, su ma ɗin idan kin zauna da su za ki ga 'yan gida ɗaya ne.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, mabuɗin yana cikin Hausarki. Ɗauki kalmar gudu. Yaro yana gudu. Ruwa kuma yana gudana, ai daga gudu ta fito. Taro yana gudana lafiya. Shugabar makaranta tana gudanar da makaranta, gwamnati tana gudanar da bincike. Mai ciwon ciki yana gudawa. Ba ki taɓa tambayar kanki ina ƙafafun taro suke da har yake gudana ba, domin kin san abin da ake nufi: abu yana tafiya a kan hanyarsa, bai tsaya ba, bai yanke ba. To wannan ita ce zuciyar *run*. Matar da kika gani a jarida *runs a school*, makaranta take gudanarwa. Harsunan biyu ba su haɗa dangi ba, amma tunanin ɗan Adam ya bi da su hanya ɗaya, daga ƙafa zuwa ruwa zuwa sha'anin mulki.

A tsohon Turanci, sama da shekaru dubu da suka wuce, kalmar tana zuwa da siffar *rinnan* ko *irnan*, kuma tun a lokacin ana faɗinta ga mutum ana faɗinta ga ruwa. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne, har yau ya raba su: *rinnen* ga ruwa mai kwarara, *rennen* ga mai gudu da ƙafa. Turanci ya haɗe su wuri guda. Saboda haka ma'anar ruwa ba aro ba ce, asali ce, kuma ni a ganina ita ta fi taimakon mai koyo. Idan kika riƙe hoton ruwa mai gudana a ranki maimakon hoton ɗan tsere, rabin wahalar ta ƙare.

Duba yadda take aiki. *The tap is running*, an bar famfo a buɗe. *Running water*, ruwan famfo a cikin gida. *The river runs into the sea*. *Tears ran down her face*, hawaye na zuba. Sabuwar atamfa da aka jiƙa ta rina ruwan wanki, mu mu ce tana zuba, Bature ya ce *the colour runs*. Mai mura *his nose is running*. A nan ki kula da abu ɗaya saboda jarrabawa: a Najeriya mun saba cewa *running nose* da *running stomach*, kowa kuma yana fahimta, amma daidaitaccen Turanci *runny nose* yake cewa, gudawa kuwa *diarrhoea* ce, a maganar gida su ce *the runs*. Ban ce namu laifi ba ne a kasuwa ko a asibiti. Mai duba takarda ne ba zai karɓa ba.

Daga ruwa sai inji, kuma a nan ne Bahaushe ya fi faɗawa rami. Idan muka ce mota tana gudu, muna nufin direba ya taka ta, tana sheƙa gudu a titi. Idan Bature ya ce *the car is running*, mai yiwuwa motar tana tsaye cak a ƙofar gida, injin ne kawai a kunne. Ko kuma yana nufin ta daina ba da matsala, tana aiki. Ki kwatanta bakanike ya gama gyara, ya murza makulli, injin ya tashi yana kaɗawa a hankali, ya goge hannu da tsumma ya ce *it's running well now*. Ko taku ɗaya motar ba ta yi ba. Idan gudun titi kike nufi, sai ki ce *the car is going very fast* ko *the driver is speeding*. Haka janareto, haka firji, haka agogo. *The generator ran all night*, ya kwana yana aiki. *It runs on diesel*, gas yake sha. Da kwamfuta ta zo, ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba, aka ce manhaja ma *runs*. Marubucin nan Simon Winchester, wanda ya yi rubutu a kan tarihin ƙamusun Oxford, yana ganin zamanin injuna ne ya ɗaga *run* sama da *set*, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: kowane sabon inji da aka ƙera, sai an nemi kalmar da za a ce yana aiki, wannan ce kuma a kusa. Jirage da motocin haya ma sun shigo ta wannan ƙofar. *The train runs between Abuja and Kaduna* ba ya nufin yana sauri, yana nufin nan ne hanyar da yake zirga-zirga a kai a kai.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Hausa tana yi miki alama idan aiki ya tashi daga kan mai yi ya koma kan wani abu: gudana dabam, gudanar da dabam. Wannan "-ar da" ita ke gaya miki cewa wani ne yake sa abin tafiya. Tsohon Turanci ma yana da wata kalma ta dabam mai wannan aikin, *ærnan*, wato sa abu gudu, kamar mahayi da dokinsa. Da tafiya ta yi tafiya sai ta narke cikin 'yar'uwarta, alamar ta ɓace. Yau babu abin da zai nuna miki sai abin da ya biyo bayan kalmar. *The shop runs well*, shagon yana tafiya daidai. *She runs the shop*, ita ke tafiyar da shagon. Duk inda kika ga suna ya biyo bayan *run* kai tsaye, babu wata ƙaramar kalma a tsakani, fara gwada "gudanar da" ko "tafiyar da". *Run a business, run a country, run a test, run a programme*. Jarida ta *run a story*, ta buga labari. Galibi zai zauna. Inda ya ƙi zama, to kin haɗu da maganar da ake ɗauka ɗungurungum, irin *run errands*, zuwa aike, da *run a risk*, jefa kai cikin kasada, da *run a red light*, ƙin tsayawa a jar danja. Maganar likitan ƙanenki tana cikin waɗannan. *Running a temperature* ko *running a fever* zazzaɓi ne, jiki ya ɗau zafi kuma zafin yana ci gaba. Allah Ya ba shi lafiya.

Siyasa kuwa daga filin tsere ta ɗebo nata. Amurkawa suna kallon zaɓe a matsayin tsere, shi ya sa ɗan takara *runs for office*, wanda ke kan gaba *front-runner*, wanda ya zo na biyu *runner-up*, mataimakin da aka tsayar tare da shi *running mate*. Mutanen Ingila a al'adarsu *stand for election* suke cewa, daidai da namu na tsayawa takara, ko da yake na Amurka ya shiga bakinsu su ma yanzu. Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, kuma tsari ne da ɗan takara ba ya tsayawa sai da mataimaki, don haka *running mate* ba ta barin jaridunmu a lokacin zaɓe. *Run-off* shi ne zagaye na biyu idan ba a sami wanda ya cika sharaɗi a na farko ba, kamar wanda aka yi a Ghana a Disambar 2008 tsakanin John Atta Mills da Nana Akufo-Addo, ko na Nijar a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

Akwai kuma inda babu abin da ke motsi sam. *The road runs from Kano to Zaria*. Titin yana kwance, idonki ne ke bin sa. Mu ma mukan ce hanyar ta tashi daga Kano ta bi ta Kwanar Dangora ta shiga Zariya, alhali ba ta taɓa ɗagawa ba. Lokaci ma haka: *the contract runs for two years*, *three days running* kwana uku a jere, *we are running late* mun makara. *It runs in the family*, abin gado ne, a jini yake.

Sai 'yan ƙananan kalmomin da ake liƙa mata, waɗanda su ne ainihin abin da ya kumbura shafin ƙamusun naki. Ki ɗauki kowace haɗuwa a matsayin sabuwar kalma mai zaman kanta. Wadda za ki fi buƙata ita ce *run out*, ƙarewa. Ana tsakiyar girki wutar murhu ta yi ja ta mutu. Za ki iya faɗi ta hanya biyu: *the gas has run out*, ko *we have run out of gas*. Idan abin da ya ƙare ne a farkon jimla, babu *of*. Idan mutanen da abin ya ƙare wa ne a farko, dole *of* ta zo, abin kuma ya biyo ta. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa biyun, su rubuta *the gas has run out of*, jimlar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Sannan ki lura, *he ran out of the room* fita ya yi da gudu, *he ran out of money* kuɗinsa ne suka ƙare. Kalmomi ukun iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne, ɗaki wuri ne da ake fita daga cikinsa, kuɗi kuwa abu ne da ake kashewa.

*Run into* ma fuska uku gare ta, kuma ta ukun ce ke ruɗa mutane. Mota ta *ran into a wall*, ta yi karo da bango. Kamfani ya *ran into trouble*, ya shiga matsala. Amma *I ran into my old teacher at the market* ba bangaje shi kika yi ba, kiciɓis kuka yi. *Run over* take mutum ko dabba da mota ne, taro kuma idan ya *ran over* ya zarce lokacinsa. *Run down* tana nufin batir ya yi sanyi, tana nufin kushe mutum a bayan idonsa, gini kuma idan an ce *run-down* ya lalace don rashin kula. *Run up a bill*, tara bashi. *Run through*, bi ta kan abu da sauri, kamar bitar darasi kafin shiga aji. Ga kuma wani wurin da Hausa ke ja mu: idan muka ce ɓarawo ya gudu, tserewa muke nufi. A Turanci *he ran* bai cika ba da wannan ma'anar ba sai an ƙara *away* ko *off*. Haka nan "don gudun kada a samu matsala" ba ruwanta da *run*, *to avoid* ce.

A matsayin suna ba zan daɗe ba. *In the long run*, a ƙarshen al'amari, idan tafiya ta yi nisa. *On the run*, ana nemansa ya ɓuya. A wasan kurket da na besbol maki ne. Wadda ta cancanci ki sani don karatun labarai ita ce *a run on a bank*, wato masu ajiya su firgita su yi dafifi kowa na son kwashe kuɗinsa lokaci guda. Ya faru da bankin Northern Rock a Ingila a Satumbar 2007, mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar rassansa. Ya sake faruwa da Silicon Valley Bank a Amurka a Maris ɗin 2023, inda aka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, wannan karon galibi ta waya da kwamfuta. Kalmar *runs* da ake ji a bakin matasan Najeriya, ta harkar da ba ta da tsabta ko satar amsa, tamu ce ta gida. Kada ta kusanci takardarki, ba kalmar ba, ba aikin ba.

Dalilin da ya sa kalma ɗaya ke ɗaukar wannan kaya, ai kin san shi daga "ci". Mutum ya ci abinci, ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci sarauta. An ci shi tara. Kasuwa tana ci, wuta tana ci, riga ta ci yadi biyar. G. P. Bargery, wanda ya fitar da babban ƙamusun Hausa a 1934, sai da ya jera wa wannan 'yar kalma bayani rututu, kuma Baturen da ke koyon Hausa yana shan irin wahalar da kike sha yanzu. Wani masanin harshe Ba'amurke, George Zipf, ya nuna a 1945 cewa gwargwadon yawan amfani da kalma, gwargwadon yawan ma'anoninta. Kalmomin da suka fi tsufa, suka fi gajarta, suka fi yawo a baki, su ake miƙa wa hannu duk lokacin da sabon abu ya zo. Kamar tsohuwar wuƙar madafa ce, da ita ake yanka albasa, da ita ake fere rake, da ita ake kwance noti idan ta kama. Kalmomin aro kuwa kowace da aikinta guda. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da Latin sun yi ta kwarara cikin Turanci ƙarni bayan ƙarni, shi ya sa kusan kowace ma'ana ta *run* tana da kishiya mai tsawo: *manage, operate, execute, function, continue, escape*. Mu ma kalmomin da muka aro daga Larabci, irin su jarrabawa da hukunci da shari'a, ba su bazu kamar ci da sha da yi ba. Kada kuma ki ɗauka dogayen sun fi daraja. *She runs a hospital* Turanci ne mai kyau a kowace takarda, sau da yawa ma ya fi *she manages* daɗin ji.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ki ware shafi biyu a littafinki. Duk inda kika haɗu da *run* a jarida ko rediyo ko littafin karatu, kada ki rubuta ma'ana, rubuta jimlar gaba ɗaya, ki ja layi a ƙarƙashin abin da ya zo gabanta da abin da ya biyo bayanta. A gefe ki sa yadda za ki faɗi zancen da Hausar gida, ba kalma da kalma ba. Idan kin buɗe ƙamus, misalan da aka rubuta a karkace sun fi bayanin amfani, su za ki fara karantawa, da babbar murya ma in da hali, domin kunne yana riƙe abin da ido ke mantawa. Sai ki ƙirƙiri taki jimlar a kan abin da ke gidanku: famfonku, janareton maƙwabta, shagon gwaggonki.

A jarrabawar kuma, sashen fahimtar rubutu yakan ba da kalma a ce ki kawo wadda za ta maye gurbinta yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin. Nan ne masu hadda ke faɗuwa, don suna kawo ma'anar farko da suka sani. Koma kan jimlar, cire kalmar, sa taki, ki karanta ki ji ko ta zauna. Ki kuma daidaita lokaci: idan nassin ya ce *she ran the clinic for ten years*, amsarki *managed* ce, ba *manage* ba, mai dubawa yana hana maki a kan wannan. Siffofin kalmar uku ne, *run, ran, run*. Bayan *has* ko *have* ko *had* ta ukun ake sawa, saboda haka *the water has run out* ne daidai, *has ran* kuskure ne. Allah Ya ba da sa'a.